Yadda za ka kai aikinka daga littafin ɗakin gwaji zuwa maƙalarka ta farko

Duk ɗalibin da ya zo wurina da niyyar shiga bincike, kafin mu taɓa maganar na'ura ko mujalla ko tallafi, abin da nake fara cewa ya nuna mini shi ne littafin da yake rubuta aikinsa a ciki. Wasu sukan miƙo waya cike da hotuna, wasu su zaro takardu a warwatse daga jaka, wasu kuma su ce ai komai yana ka. Ban ga laifinsu ba. A aji an koya musu yadda ake cin jarrabawa, amma ba wanda ya zaunar da su ya gaya musu cewa jarin masanin kimiyya shi ne yardar da abokan sana'a suke yi da maganarsa. Yardar nan tana samuwa ne idan wani da bai taɓa ganinka ba ya bi sawun abin da ka rubuta, ya maimaita gwajin, ya ga abin da ka gani. Duk abin da zan faɗa maka a nan, ƙanena ko ƙanwata, a kan wannan ya rataya.

Ka nemi littafi mai ɗinki, wanda in an yage shafi za a gane. Ka sa wa shafukan lamba tun ranar farko, ka bar uku na gaba domin jera abin da ke ciki. Da biro za ka rubuta. In ka yi kuskure, ja masa layi ɗaya yadda za a iya karanta abin da ke ƙasa, ka rubuta gyaran a gefe da kwanan wata. Kada ka goge, kada ka shafe. In ɗakin gwajinku da littafin kwamfuta ake aiki, babu laifi, muddin manhajar tana ajiye lokacin da aka yi kowane rubutu da kowane gyara.

Me ake rubutawa? Fiye da yadda kake zato. Ga irin shafin da nake so in gani: kwanan wata a sama, sai tambayar yau a layi ɗaya. Sannan, "Samfur na 14 zuwa 19, daga firiza ta biyu, an fitar ƙarfe 9:10. Sinadarin wanki sabuwar kwalba ce, yau aka buɗe, ga lambar rukuninta. An juya a santirifuj (na'urar da ke juya bututu da sauri don ware abin da ke ciki) minti 10. Bututu na 17 ya ɗan zube wajen buɗewa, na ci gaba da shi amma na sa masa alama." Wannan magana ta bututu na 17 ita ce wadda sabon shiga yake jin nauyin rubutawa, ita ce kuma za ta cece shi bayan wata takwas, ranar da aka ga ɗigo ɗaya ya fita daga layi a zane, ana ta neman dalili. Lambar rukunin sinadari ma haka take. Sau da yawa gwaji yakan daina aiki rana tsaka, a yi ta zargin hannun ɗalibi, alhali kwalba ce aka sauya.

Akwai abu ɗaya da nake dagewa a kai fiye da sauran: kafin ka kunna na'ura, ka rubuta abin da kake tsammanin gani, da kuma sharaɗin da zai sa ka jefar da wani samfur. Zuciya tana da wayo. Da zarar sakamako ya fito, sai ta raya maka cewa dama abin da ka hango ke nan, ta kuma nemo maka hujjar cire ɗigon da ya ɓata maka zane. In ka riga ka ɗaure kanka a rubuce, ka rufe wannan ƙofa. Gwajin da bai yi ba shi ma ka rubuta shi cikakke, domin shi zai hana wanda ya zo bayanka ɓata wata uku a hanyar da ka riga ka san ba ta ɓullewa.

Wannan tarbiyya ta daɗe. Michael Faraday ya riƙa sa wa kowane sakin layi na littafin gwajinsa lamba, bi da bi, daga 1832 har 1860, sai da lambar ta kai 16,041, don ya iya komawa ga duk abin da ya taɓa gani ba tare da lalube ba. A zamaninmu kuwa, Frances Arnold, wadda ta karɓi lambar yabo ta Nobel a fannin sinadarai a 2018, ta fito fili a watan Janairun 2020 ta sanar da cewa ita da abokan aikinta sun janye maƙalar da suka buga a mujallar Science a 2019. An kasa maimaita sakamakon, da aka koma littafin gwajin kuma aka tarar babu rubutun wasu muhimman gwaje-gwaje, babu ɗanyen bayanansu. Ina girmama ta ƙwarai saboda yadda ta faɗi gaskiya da bakinta. Amma ka lura da inda aka fara dubawa da matsala ta taso. A 2016 ma mujallar Nature ta tambayi masu bincike 1,576, fiye da kashi 70 cikin ɗari suka ce sun taɓa kasa maimaita gwajin wani, fiye da rabi kuma suka ce sun taɓa kasa maimaita nasu na kansu.

Daga littafi sai fayil. Abin da na'ura ta fitar, ka ajiye shi a folda ta daban, ka kulle shi yadda ba a iya yi masa gyara. A kan kwafi za ka yi duk wani aiki. Sunan fayil ya fara da shekara, sai wata, sai rana, kamar 2024-03-12, domin kwamfuta ta jera su da kanta, sannan lambar shafin littafin da aikin yake. Ka rabu da sunaye irin su "na ƙarshe" da "na ƙarshe na gaske". Kwafi uku za ka ajiye, a ma'aji iri biyu, ɗaya kuma a wani wuri dabam da inda kake aiki, domin ɓarawo ko gobara ba su san saura wata biyu ka kare kundinka ba.

Ka yi hattara da Excel. Yana da amfani, amma yakan sauya abin da ka shigar ba tare da ya tambaye ka ba. Masu nazarin ƙwayoyin gado sun sha wuyarsa: ka rubuta sunan ƙwayar gado SEPT2 ya mayar da shi 2 ga Satumba, ka rubuta MARCH1 ya zama 1 ga Maris. Wani bincike na 2016 ya gano irin wannan ɓarna a kusan kashi ɗaya cikin biyar na maƙalun da suka haɗa da jerin ƙwayoyin gado a Excel, har ta kai a 2020 kwamitin da ke raɗa musu suna ya sauya sunayen, MARCH1 ta koma MARCHF1. A 2013 kuma wani ɗalibin jami'a a Amurka, Thomas Herndon, yana aikin aji na maimaita lissafin wata shahararriyar maƙala ta Carmen Reinhart da Kenneth Rogoff kan bashin ƙasashe, lissafi ya ƙi fita. Da ya samu fayil ɗinsu sai ya ga an tsallake ƙasashe biyar wajen haɗa matsakaici. Saboda haka nake cewa ka koyi R ko Python, harsunan rubuta wa kwamfuta umarni, tun yanzu, ko da kaɗan-kaɗan. Kyauta ne, kuma duk matakin da ka bi daga ɗanyen bayani zuwa zane yana nan a rubuce, kai ko wani zai iya sake gudanar da shi gobe.

Yanzu maganar da ta fi raba malami da ɗalibi, wato sunan wa zai hau maƙala, kuma wa zai zo farko. Da sanyin safiya ake kama fara. Ka ta da maganar tun aiki bai yi nisa ba, lokacin da babu abin da za a yi rigima a kai tukuna. Ba rashin kunya ba ne in ka iya bakinka. Kana iya cewa, "Farfesa, ina so in fahimci yadda ake jera sunaye a nan, don in san abin da ake so daga gare ni. In na yi gwaje-gwajen na kuma rubuta daftarin farko, ina ne matsayina?" Bayan kun rabu ka tura masa gajeren imel na godiya, ka maimaita abin da aka tsayar. Malamin kirki ba zai ji haushi ba. Wanda ya ji haushi kuwa, gara ka san halinsa tun yanzu.

Ka san ƙa'idar kafin ka shiga ofishin. Kwamitin editocin mujallun likitanci na duniya, ICMJE, ya gindaya sharuɗɗa huɗu, kuma fannoni da yawa sun ara: mutum ya ba da gudummawa mai nauyi wajen tsara binciken ko tattara bayanai ko nazarinsu, ya shiga rubutun ko ya yi masa bita mai zurfi, ya amince da kwafin ƙarshe, ya kuma yarda zai amsa tambaya in an tuhumi aikin. Duka huɗun ake nema. Wanda ya ba ka aron na'ura ko ya sa hannu a takardar izini, wurinsa sashen godiya ne. Na san ƙarami ba ya iya cewa babba a'a kai tsaye, kuma ba na so ka jefa karatunka cikin haɗari. Abin da yakan taimaka shi ne mujallu da dama yanzu suna neman a fayyace aikin kowa bisa tsarin CRediT, mai rukunai 14. Ka kawo fom ɗin, ka ce mujalla ce ta nema, kowa ya cike abin da ya yi. Jerin kansa ya danganta da fanni: a ilmin halittu da likitanci na farko shi ne wanda ya fi yin aikin, na ƙarshe shugaban ɗakin gwaji, a lissafi kuwa galibi bisa haruffan suna ake bi.

Kafin ka tura komai ko'ina, ka zaɓi yadda za ka riƙa rubuta sunanka, ka tsaya a kai har abada, sannan ka buɗe ORCID. Lamba ce mai gurbi 16, kyauta, an fara bayar da ita a 2012, ita ke bambanta ka da masu irin sunanka ko da ka sauya jami'a ko ƙasa. Ba ya cin minti goma.

Rubutun kansa, kada ka fara daga gabatarwa. Nan ne mutane suke maƙalewa wata da watanni. Ka fara da zane-zane da jadawalai. Ka buga su a takarda, ka shimfiɗa a tebur, ka jera su yadda za su ba da labari, a ƙarƙashin kowanne ka rubuta jimla ɗaya mai faɗin abin da ya nuna. In ka kasa rubuta jimlar, ba ka gama fahimtar zanen ba, ko kuma ba ya cikin wannan maƙala. Daga nan sai hanyoyin bincike, waɗanda kusan kwafe su za ka yi daga littafinka. Sai sakamako, ba sharhi a ciki. Sai tattaunawa, inda za ka faɗi ma'anar abin da ka gani da kuma iyakarsa. Ka faɗi raunin aikinka da kanka, domin mai bita, masanin da mujalla za ta ba wa maƙalar ya tantance, zai gan shi ko ka ɓoye. Gabatarwa da tsakure (taƙaitaccen bayanin maƙalar da ake sawa a farkonta) da take su ne ƙarshe. Tsakuren ka ba shi haƙƙinsa, don mafi yawan mutane iyakar abin da za su karanta ke nan.

Manazarta ka bar wa manhajar Zotero, kyauta ce, za ta jera maka su yadda kowace mujalla take so. Kada ka ambaci maƙalar da ba ka karanta ba. In kana ɗaukar bayani daga aikin wani, ka rufe shi tukuna, ka rubuta da kalmominka, sannan ka ambace shi, domin satar fasaha takan fara ne daga kwafen da aka ce za a gyara daga baya aka manta. Manhajojin ƙirƙirarriyar basira irin su ChatGPT suna iya taya ka gyaran harshe, amma manyan mujallu ba sa karɓar su a matsayin marubuta, da yawa suna so ka bayyana in ka yi amfani da su, kuma sukan ƙirƙiro manazartar da babu ita a duniya. Duk abin da ya fita da sunanka, kai za a tambaya.

Zaɓen mujalla yana da sauƙi fiye da yadda ake tsoratar da ku. Dubi jerin manazartarka: mujallun da suka fi yawan fitowa a ciki, can masu karatunka suke. Ka karanta manufar mujallar da ƙa'idojinta na marubuta daga farko har ƙarshe, ka bi su sau da ƙafa. Mujalla ɗaya ake tura wa a lokaci guda.

Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne mujallun bogi, saboda matasa suke farauta, musamman wanda wa'adin kammala karatu ko na ƙarin girma ya matso shi. Za ka ga imel yana yabon "fitaccen aikinka", yana alkawarin bugawa cikin mako ɗaya. Bitar gaskiya takan ci makonni, sau da yawa watanni. A 2013 wani ɗan jarida mai suna John Bohannon ya shirya maƙalar ƙarya mai kurakurai a fili, ya tura wa mujallu 304 masu karɓar kuɗin wallafa, 157 suka karɓa. Maƙalar da ta faɗa irin wannan wuri ta salwanta, ba ka iya sake buga ta a wani wuri, kuma kwamitin da ya san aikinsa zai ƙidaya maka ita a matsayin tabo. Ka duba ko mujallar tana cikin rumbunan da ke tantance mujallu, wato DOAJ ko Scopus ko Web of Science, a shafin waɗannan ɗin kansu, domin 'yan bogi suna liƙa tambarin da ba nasu ba. Ka ɗauki sunan mutum biyu daga kwamitin editocin, ka je shafin jami'arsu ka ga ko sun ambaci mujallar. In kuɗin wallafa ya fi ƙarfinka, ka tambayi rangwame kafin ka tura, mawallafa da yawa suna yafewa, akwai kuma mujallu nagari da ba sa karɓar ko sisi daga marubuci.

Ma'aunin tasirin mujalla da ake ta yayatawa, matsakaicin ambaton da maƙalunta na shekara biyun baya suka samu ne a shekara guda. Bai ce komai game da taka maƙalar ba, shi ya sa a 2012 aka tsara sanarwar DORA a San Francisco, mai kira da a daina auna mutum da shi. Ka san da shi tunda har yanzu wasu kwamitoci suna dubawa, amma kada ya sa ka ɓata shekara kana yawo daga wannan babbar mujalla zuwa waccan. In malaminka da mujallar sun yarda, ka ɗora daftarin a arXiv ko bioRxiv ko medRxiv, shafukan da ake sa maƙala kafin mujalla ta buga, gwargwadon fanninka. Yana kafa maka shaidar ranar da ka fito da aikin, kuma kana iya nuna shi wajen neman aiki ko tallafi tun bita ba ta ƙare ba.

Za a ƙi maƙalarka. Ina gaya maka tun yanzu don kada ranar ta zo ka ɗauka kai kaɗai ne. A 1937 Nature ta mayar wa Hans Krebs aikinsa kan zagayen da jiki ke bi wajen fitar da kuzari daga abinci, ya kai shi mujallar Enzymologia, a 1953 aikin ya kawo masa Nobel. Maƙalar Katalin Karikó da Drew Weissman ta 2005, wadda ta share fagen rigakafin mRNA, irin wanda aka yi wa korona, sai da manyan mujallu suka ƙi ta kafin mujallar Immunity ta buga. Wannan ba ya nufin duk wanda aka ƙi yana da gaskiya. Yawanci masu bita sun hango wani abu na gaske. In wasiƙa ta zo, ka karanta sau ɗaya, ka rufe, ka bar ta kwana biyu. Kada ka amsa komai da zafin rai. In edita ya ce a yi babban gyara a dawo, albishir ne, ƙofa a buɗe take.

Ga yadda ake amsawa. Ka kwafe kowace magana ta mai bita, ka sa mata lamba, ka amsa a ƙarƙashinta, ba ka tsallake ko ɗaya. Misali mai bita na biyu ya ce samfur shida sun yi kaɗan ga irin iƙirarin da kuka yi. Sai ka rubuta: "Mun gode, wannan gaskiya ne. Mun ƙara gwaji da samfur goma sha biyu, sakamakon yana zane na 3, mun kuma sassauta iƙirarin a shafi na 9, layi 210 zuwa 216." Ka kwafo sabuwar jimlar a nan, don kada ya wahala wajen nema. In ba ka yarda da shi ba, kana da damar faɗa, cikin ladabi da hujja: ga dalilin da ya sa muka zaɓi wannan hanya, ga aikin da ya nuna tana aiki a irin wannan yanayi, mun kuma ƙara bayani a sashen hanyoyi. In kuwa bai fahimce ka ba sam, to ka gyara rubutun, domin abin da ya rikita shi zai rikita wasu. Ka tuna mutumin nan galibi kyauta ya yi aikin, a lokacin da ya ɓamɓaro daga nasa binciken.

In an karɓa, za a turo maka kwafin ɗab'i ka duba, galibi cikin kwana biyu ko uku. Ka bi sunayen abokan aikinka harafi-harafi, ka gwada alƙaluman kowane jadawali da na fayil ɗinka, ka duba ma'aunai, don wajen tsara shafi alamar maikro takan rikiɗe ta zama mili. Ka ɗora bayananka da lambobin nazarinka a ma'ajiya irin Zenodo, wadda cibiyar binciken kimiyya ta CERN ke kula da ita, za ta ba su DOI tasu ta kansu, wato lambar shaida ta dindindin a intanet, da za a riƙa ambata. In bayanan mutane ne, sai ka cire duk abin da zai sa a gane su, ka kuma tsaya a kan abin da kwamitin ɗa'a ya amince da shi. Sannan ka tura maƙalar ga mutum uku ko huɗu da ka fi dogara da aikinsu, da gajeren saƙo mai faɗin inda naka ya haɗu da nasu. Wasu ba za su amsa ba, wasu za su amsa, daga cikinsu ake samun mai rubuta maka takardar shaida ko mai gayyatarka ɗakin gwajinsa.

Daga nan ka roƙi malaminka, in an turo masa maƙala don bita, ya bar ka ku yi tare. Nan za ka ga yadda rubutu yake a idon mai tantancewa, kuma daftarinka na biyu zai fi na farko nesa. Sai dai a yi shi da sanin edita, domin maƙalar da ba a buga ba amana ce, a kuma sa sunanka a rahoton, don editan ya san da kai ya fara turo maka naka kai tsaye.